Ranar Da Na Ji Kunyar Cewa Giya

Tun da na yi ritaya babu maganar da ke ɓata min rai irin in ji yaro ya ce aikin tafinta ba aiki ba ne. A gabana kuke faɗa, a bencin mai shayi na bakin tasha a nan Dutsin-Ma, kuna latse-latsen waya. Wai duk wanda ya gama sakandare ya iya Hausa ya iya Turanci, to me ya rage? Wani cikinku har cewa ya yi wayarsa ta fi ni sauri. Ban musa ba, ta fi ni. Amma shekara talatin da ɗaya na yi ina tsaye tsakanin alƙali da wanda ake tuhuma, ban taɓa ganin mutumin da sauri ya wanke ba. Kun kuma sha tsokanata a kan tsohuwar takardar nan da nake yawo da ita a aljihu cikin leda, kuna cewa ko takardar fili ce nake ɓoye wa magada. Tunda a baki ba ku saurare, na ce bari in rubuta muku labarinta.

Ku fara gane wannan. A kotun majistare alƙali Bahaushe ne, ɗan sanda mai gabatar da ƙara Bahaushe ne, wanda ake tuhuma Bahaushe ne. Kowa na jin kowa. Littafin kotu ne kaɗai ba ya jin Hausa. Abin da ya fito daga bakina da Turanci shi alƙali zai rubuta, kuma abin da aka rubuta shi ne ya faru, ko da bai faru ba. Kayan aikina ba su da yawa: ƙaramin littafin rubutu, biro biyu don ɗaya na iya ƙafewa ana tsakiyar shaida, tsohon ƙamus da bangonsa ya rabu da shi, sai gorar ruwa. Nakan tsaya dab da akwatin wanda ake tuhuma in ba shi kunnena na dama, don shi ya fi ji.

Shari'ar farko da aka bar ni na fassara ni kaɗai ta rikicin gona ce. Wani shaida ya ce mai ƙara ɗan'uwansa ne, ni kuwa na juya ta Turanci yadda ta zo, na ji daɗin kaina. Ana tashi maigidana Malam Iro, mutumin Kurfi, wanda a hannunsa na koyi aikin, ya ja ni bayan kotu.

"Lawal, ɗan'uwa wane iri? Uwa ɗaya uba ɗaya? Ɗan baffa? Ko ko garinsu guda kurum?"

Na ce ban tambaya ba.

"To ka saida mutum ba ka sani ba."

Ashe maƙwabtaka kawai suka haɗa, na mayar da shi ɗan gida, shaidarsa ta yi rauni. Irin waɗannan Malam Iro ke kira kalma mai baki biyu. Dokarsa ita ce in ka ji ta, ka dakatar da kotu ka sake tambaya, ko alƙali zai harare ka. Dokarsa ta biyu ta fi wuya. Wata guda ya yi yana tsayar da ni gindin bishiyar bedin bayan kotu yana sa ni furta kalmomin da aka hana mu faɗa a gida: zina, fyaɗe, giya, luwaɗi. In na sassauta murya sai ya ce in sake. Yakan ce kunya tarbiyya ce a zauren ubanka, amma in za ka shiga kotu ka rataye ta a jikin kekenka, in an tashi ka ɗauka.

Na riƙe wannan doka shekara goma sha huɗu. Mashaya kuwa na fassara musu ba adadi, don kada ku ɗauka garuruwanmu babu su. Akwai su, kuma shari'arsu ba ta da wuya. A karanta tuhuma, mutum ya sunkuyar da kai ya amsa, a ci shi tara ko a yi masa bulala, a kira na gaba. Sabo da wannan sauƙin ne ya fara lalata min kunne.

Ba zan faɗi wace kotu ba ce, ko wane caji ofis, don na yi aiki wurare da dama. Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai, shari'u sun yi yawa, fankar kotu ta mutu. Kwana biyu bayan cin wata kasuwar shanu ta yankinmu aka shigo da wani dattijo. Sunansa Malam Sada, daga wani ƙauye a ƙasar Barkiya. Zai yi shekara sittin. Gemunsa fari tas, ga tabon sujada a goshi, rigarsa duk ƙasa, ya ja hularsa har ta rufe rabin kunne. Sajan mai gabatar da ƙara ya karanta da Turanci cewa an same shi kwance bakin titi kusa da kara, wato kasuwar shanun, yana amai, yana ihu, yana warin barasa, kuma ya amsa laifinsa a caji ofis ya dangwala yatsa.

Abin da ya kamata in ce a fili yake: "Ana tuhumarka da shan giya har ka yi maye a bainar jama'a." Na buɗe baki, na dubi furfurar nan, sai na ga kamar yayan mahaifina ne a tsaye. Na kasa jefa wa wannan fuskar kalmar giya a gaban mutane. Sai na zagaya.

"Baba, an ce ranar kasuwa an same ka kwance bakin hanya, ka bugu. Haka ne?"

Ya karkato da kai kamar mai neman muryata. Na maimaita.

"Haka ne, ɗana. Na bugu. Wallahi na bugu ƙwarai, har ban san inda kaina yake ba."

Kotu ta kwashe da dariya. Na juya na gaya wa alƙali da Turanci cewa ya amsa ya yi maye, maye mai tsanani. Alƙali ya rubuta. Aka tambaye shi ko yana da abin cewa kafin hukunci.

"Ranka shi daɗe, a yi mani aikin gafara. Tsautsayi ne. Ban taɓa ganin ya yi haka ba."

Ya yi haka. Wa ya yi? Da Malam Iro na raye da ya mare ni da ƙamus. Na ɗauka ruɗewar tsoho ce, na gyara masa magana, na ce bai taɓa yin haka ba. Kuskure biyu cikin minti biyu. Allah ya taimake mu lokacin azahar ya yi, alƙali ya ce zai yanke hukunci in an dawo daga salla.

A tsakar gidan kotu aka bar waɗanda ake tsare da su suna alwala. Ina tsugune kusa da shi da butata sai ya ce, "Ɗana, to shi san an gane shi?"

"Wane sa, Baba?"

"San da ya buge ni mana. Ba ɓarnar da ya yi cikin kasuwa ce aka kawo ni a kanta ba?"

Daidai nan ya cire hula zai shafi kai. Bayan kunnensa na hagu ga auduga an manne da filasta, ta yi baƙi da jini, wurin ya kumbura kamar ƙwan agwagwa. Kalmar da na kasa faɗa a gaban alƙali ita na faɗa yanzu a gaban buta.

"Baba, ka sha giya?"

Butar ta suɓuce masa. Ya juyo ya dube ni.

"Mi ka ce? Giya? Ni? A'uzu billahi. Shekara ashirin da ukku ni ke kiran salla a garinmu." Sannan ya ce a hankali, "Ashe abin da aka yi ma dariya ke nan."

Ga yadda abin ya faru. Ya kawo sansa kara zai sayar. Wata babbar mota ta danna ham, san ya firgita, ya fizge igiya ya maka shi da ƙarfen jikin motar. Mutane suka kai shi wani kemis, aka wanke ciwon da sifirit har ya zube masa a riga, aka manna filasta, ya mayar da hula ya fita neman sansa. Bai yi nisa ba jiri ya kwashe shi, ya faɗi bakin titi yana amai yana ihun a tare masa dabba. 'Yan sanda suka zo, suka ji warin sifirit, suka jefa shi mota. A caji ofis aka ce, "Ka bugu?" Ya ce ya bugu. Tun da san ya buge shi kunnensa ke ƙara, rabin magana yake ji. Kwana biyu yana tsare yana lissafin tumatir da tukwanen mutane da yake zaton san ya tattake. Babu wanda ya ce ya cire hula. Babu wanda ya ambaci giya a gabansa, har da ni da ake biya albashi don in ambata.

Na sami Sajan a gindin bedi na gaya masa. Bai ko ajiye ruwan da yake sha ba.

"Malam Lawal, ka rufa wa kanka asiri. 'Yar tara ce, ya biya yau ya kwana gida. Ka tada maganar nan, shi a tsare shi, kai kuma a tuhume ka. Wa ka taimaka?"

Har yau in na tuna "'yar tara ce" sai raina ya ɓaci. A wurinsa fayil ne da zai rufe kafin la'asar. Amma ban yi gaban kaina ba, don ba ni zan kwana a tsare ba. Na koma na shimfiɗa wa Malam Sada hanya biyu: ya yi shiru ya tafi gida yau da sunan mashayi a littafi, ko ya musa, a yi ta zarya wata da watanni, kuma ba a san yadda za ta ƙare ba.

"In na koma da wanga suna, da wane baki zan kira salla?" ya ce. "Ko shekara ce a yi ta."

Ana dawowa na miƙe kafin alƙali ya ɗauki biro, na ce ina neman izini, fassarar da na yi da safe ba daidai ba ce. Ku da kuke ganin aikin wasa ne, ku gwada faɗin haka a gaban cikakkiyar kotu ku gani. Alƙali ya wanke ni tas, kuma yana da gaskiya. Amma mutum ne mai tsoron Allah. Ya soke amsar farko, ya sa magatakarda ya sake karanta tuhumar da Hausa, da giyarta da mayenta. Malam Sada ya ɗaga murya ya ce bai taɓa sha ba, bai san ɗanɗanonta ba. Washegari ƙanensa ya zo ya tsaya masa beli. Ni kuma aka ba ni takardar ba da bahasi, aka cire ni daga zauren kotu aka tura ni ɗakin tsofaffin fayiloli. Ƙarin girman da nake jira a shekarar ya wuce ta kaina. Ita ce shekarata mafi muni a aiki, kuma ni na jawo ta.

Wata huɗu aka yi. Damina ta faɗi, hanyar daji ta Barkiya ta zama taɓo, dattijon nan yakan bar gerensa cikin ciyawa ya hau babur ya zo, a ce masa Sajan bai shirya ba, a ɗage. Ya zo, a ce ɗan sandan da ya kama shi yana wani aiki, a ɗage. Sau biyar. Kamawa ta ɗauki minti biyar, amma kawo wanda ya yi kamun ya gagara har gero ya yi bununi. Wata lauya, Barista Rabi, cikin masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, ita ta karɓi shari'ar. Ta sha wuya kafin mai kemis ya yarda ya zo, don tsoro yake kada a koma tambayarsa takardun shagonsa. Wani dillalin shanu da ya ga san ya buge shi kuwa cewa ya yi shi ba ya shiga harkar hukuma, sai da ƙanen ya yi masa sintiri har gida.

Ranar da ɗan sandan ya zo na leƙo ta taga. Barista Rabi ta tambaye shi ko ya ga kwalba. Ya ce a'a. Ya kai shi asibiti a auna shi? A'a. Ya duba jikinsa ko da rauni? A'a. To me ya gani? Ya ce shi dai ya ji wari. Ta buɗe jakarta ta fito da 'yar kwalbar sifirit, ta jiƙa auduga ta miƙa masa.

"Irin wannan?"

Ya shinshina, ya dubi Sajan, ya dubi ƙasa. "Kamarsa dai."

Sannan aka kira ni. Na shiga akwatin shaida, wurin da na yi shekaru ina tsaye a gefensa, wani sabon tafinta yana juya maganata. Sajan ya taso min da ƙarfinsa.

"Ka san kalmar giya?"

"Na santa."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kunya."

Aka yi dariya. Sabon tafintan ya rasa yadda zai yi da ita, ya juya ta da kalmar da Turawa ke faɗa wa ƙaramar yarinya mai ɓoye fuska in ta ga baƙo. Haka ta shiga littafi. Ban gyara masa ba, don shaida ba ya gyara tafinta, kuma na ga hakan ma ya dace da ni.

Alƙali ya yanke hukunci cewa babu laifi. Kalma biyu Turancin ya yi amfani da su, kuma nan ma akwai aiki: an sallame shi, kuma an wanke shi. Sallama daban, wankewa daban. Ana sallamar ɓarawo ma in shaida ta yi ƙaranci. Amma ƙauyensu rabin farko kawai ya isa. Tun ranar farko wani direba da ke zaune a kotu ya kai labari cewa ladan ya amsa da bakinsa ya bugu ƙwarai. A makon aka ba wani lasifikar masallaci, wai kafin a ga yadda shari'a za ta kaya. Da Malam Sada ya dawo da takarda, babu mai karanta Turanci a majalisar dattawa, sai aka ce ai an duba tsufansa ne aka yi masa alfarma.

Da ƙanensa ya gaya min haka, na karɓi kwafin hukuncin na hau babur na bi ta Kurfi na shiga daji. Na isa ana shirin la'asar. A ƙofar masallaci, gaban liman da dattawa, na karanta takardar layi-layi ina fassarawa, ban tsallake komai ba. Na gaya musu ni ne na yi kuskuren, na faɗi abin da na tambaya da abin da ya kamata in tambaya. Na ce giya a ƙofar masallaci sau ya fi goma, ban sassauta murya ba.

Liman ya gyara zama ya ce, "Mun ji, Malam, Allah shi saka. Ai mu dama ba mu zarge shi ba."

Ba su zarge shi ba! Wata huɗu mutum na zarya cikin ruwa da taɓo, babu wanda ya raka shi ko sau ɗaya in ban da ƙanensa. Na danne zuciyata na ce to sai a mayar masa da kiran sallarsa. Aka dubi juna. Wani ya ce wanda ke kira yanzu ya riga ya saba, jama'a ma sun saba, cire shi zai kawo ɓacin rai. A bari tukuna, in hankali ya kwanta a duba.

Muna nan lokaci ya yi. Sabon ladanin ya shiga ya kunna lasifika. Malam Sada na tsaye gefena, hannunsa a baya, yana amsa kiran a hankali kalma bayan kalma kamar kowane mai sauraro. Bayan salla ya rako ni har bakin gari, ya ɗaura min ƙullin gyaɗa a bayan babur.

"Ka yi naka, ɗana. Ka tahi kada hadari shi tare ka."

Na koma sau biyu bayan nan. Kullum amsar ɗaya ce, a bari tukuna. Aka mayar da ni zauren kotu, na ƙara shekara goma sha shida ina aiki, kuma daga ranar ko sa'an kakana aka kawo, in tuhuma ta ce giya, giya nake cewa, in ta ce zina in ce zina, ina kallon idonsa. Wasu sun ce ba ni da kunya. Na gode musu.

Bara, a bencin nan da kuke zama, wani mai babur daga wajen Barkiya ya tsaya shan shayi, yake gaya wa na kusa da shi an yi musu rasuwa, Malam Sada ya cika. Wancan ya ce wane Sada?

"Tsohon ladan ɗin nan mana, wanda aka taɓa kamawa ya bugu a kasuwa."

Na ajiye kofina. Na zaro takardar hukuncin daga leda, na ce ya saurara, na fara fassara masa. Ban kai layi na uku ba ya ɗaga min hannu, da ladabinsa, yana murmushi.

"Haba Baba, ai ya wuce. Kowa da kuskurenai. Allah dai shi gafarta mashi abin da ya yi."

Ya shanye shayinsa ya tada babur. Ni kuwa na ci gaba da karantawa a tsaye har na kai inda aka ce an wanke shi.